Wa ke kashe mashayun ƙauyen Ingila?

Akwai wani tsoho Bature da na yi wa aikin jinya kusan shekara biyu a wani ƙauye da ke arewacin gundumar Oxfordshire. Baba nake ce masa. Ranar farko ya tambaye ni ma'anar kalmar, na gaya masa, ya ce ya karɓa. Shekarunsa sun haura tamanin, matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suna can nesa suna neman na kansu. Kullum da yamma idan na zo ba shi magani sai in tarar ya juya kujerarsa ta fuskanci taga, ya ƙura wa wani farin gida da ke tsallaken titi ido. Gidan nan shi ne mashayar ƙauyen a da. Wani kamfani mai ɗaruruwan irinta ya rufe ta, ya sayar, aka mayar da ita gidan kwana. An cire allon sunan, amma ƙarfen da ake rataye shi yana nan kafe a bango, ya yi tsatsa.

Shekara hamsin Baba ya yi yana tsallaka titin nan. Ya ce mini kofi ɗaya yake sha, ran Asabar biyu. A can aka yi walimar aurensa, a can aka taru bayan an binne matarsa, a can ake sanin wanda ke neman ma'aikaci da wanda saniyarsa ta ɓata. Ya ce a da, in bai leƙa ba kwana biyu, matar mai mashayar za ta turo yaro ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Tun da aka rufe, ni da ma'aikaciyar safe ne kawai muke ƙwanƙwasa ƙofar nan, mu kuwa biyanmu ake yi.

Ni Musulmi ne. Ban taɓa kai giya bakina ba, ba na kuma fatan wani nawa ya kai. Hukuncinta a wurina ba abin muhawara ba ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta gama magana. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya karanta rubutun nan ya ɗauka tallar barasa nake yi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami magana ce da ake yawan jifan mu da ita a ƙasar nan, wai mu Musulmi ne muka kashe wa Turawa mashayunsu. Wasu daga cikinmu kuma, maimakon su ce ƙarya ne, sai su yi murmushi su karɓi zargin kamar lambar yabo. Duka ɓangarorin biyu sun yi kuskure, kuma tarihin wani ƙaramin kamfanin giya da mashayar da ke maƙwabtaka da shi ne ya fi nuna mini haka.

Zargin ba a bakin 'yan tasha kaɗai yake ba. A watan Disamba na 2014, Lord Hodgson, ɗan majalisar dattawan Birtaniya wanda ya daɗe yana cikin daraktocin babban kamfanin giya na Marston's, ya tashi a zauren majalisa ya ce ƙaruwar Musulmi a sassan Nottingham da Leicester da Manchester da Leeds da Birmingham tana jawo rufewar mashayu da yawa. Ya lissafa wasu dalilai ma, amma wannan ne jaridu suka ɗauka suka yi ta yayatawa. Adalci shi ne in yarda da gutsuren gaskiyar da ke ciki: unguwar da mafi yawan mazaunanta ba sa sha, mashayar cikinta ba za ta yi ciniki ba. Wannan a fili yake. To amma a duba lissafi. A shekarar 2000 Birtaniya tana da mashayu sama da dubu 60, yanzu sun dawo wajen dubu 45. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi miliyan 3.9 ne a Ingila da Wales, kashi 6.5 cikin ɗari, kuma mafi yawansu a manyan birane suke a cunkushe. Ƙauyen Baba babu masallaci, babu mahautar halal, ni kaɗai ne mai sallah da ke shiga cikinsa, ni ma ba a can nake kwana ba. Wa ya rufe tasu?

Wata ranar Alhamis da hantsi Baba ya roƙe ni in kai shi Hook Norton ya ga dawaki. Ƙauye ne mai mutum dubu biyu da 'yan kai, tsakanin Banbury da Chipping Norton, gidajensa na dutse ne mai launin ƙasa-ƙasa saboda tamar ƙarfen da ke cikinsa. Na yi jim kafin in amsa, domin na san kamfanin giya za mu. Na ce masa zan kai shi, amma ba zan zauna teburin da ake sha ba, ba kuma zan ɗauko masa kofi da hannuna ba. Ya ce dama likita ya hana shi, shayi za mu sha.

A bakin lungun da ke kaiwa kamfanin akwai mashaya mai suna Pear Tree. Ƙaramin gida ne, in ba don allon ba za ka ɗauka gidan wani manomi ne. Ka bi lungun kaɗan sai ginin ya taso maka gaba ɗaya: bene hawa shida a ƙarshen ƙauye, dutse da jan bulo da baƙin katako da ƙarfe, da tagogi masu ramuka don tururi ya fita, da dogon bututun hayaƙi a gefe. Wari ne ya fara tarbar mu, irin na hatsin da aka jiƙa ya tsiro aka dafa, mai ɗumi da ɗan zaƙi-zaƙi. Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan gidan da ake dafa burukutu zai gane shi nan take. Na tura keken Baba har bakin bargar dawaki. Ban taɓa ganin doki irin wannan ba. Kafaɗarsa ta fi kaina tsawo, kofatonsa ya kai faɗin faranti, farin gashi ya sauko ya lulluɓe ƙafafun kamar an sa masa safa. Baba ya miƙa hannu yana rawa, dokin ya sunkuyo ya hura masa numfashi a tafin hannu. Tsohon nan ya yi dariyar da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

Waɗannan dawaki ba na ado ba ne kawai. Su ke jan amalanken gangunan giya zuwa mashayun cikin ƙauyen, har da Pear Tree da ke nan kusa. An daina amfani da su a 1950 da motoci suka yawaita, aka dawo da su a 1985.

Asalin wurin gona ce. A 1849 wani manomi mai suna John Harris ya sayi gona mai eka 52 a wannan gefen ƙauyen da ake kira Scotland End, a cikinta akwai rumfar da ake tsirar da sha'ir a busar. Sana'arsa ta farko ke nan, sayar wa masu dafa giya tsiro. A lokacin mashayu da yawa a karkarar Ingila su ke dafa abinsu a bayan gida, kuma dokar 1830 ta buɗe ƙofa, duk mai biyan harajin gida zai iya ba da fam biyu da sule biyu ya karɓi lasisin dafawa da sayarwa. Gwamnati ta yi haka ne don ta janye talakawa daga barasa mai ƙarfi da ake kira jin, wadda ta yi musu mummunar ɓarna. Cikin shekarun 1850 Harris ya ga babu dalilin da zai sa ya tsaya a tsiro, ya kafa tukunyarsa ya fara dafawa. Daga baya ya fara sayen mashayu don ya sami inda zai zuba hajarsa, Pear Tree tana cikin na farko-farko.

Sai arziki ya zo ta hanyar dogo. Aka shimfiɗa layin jirgin ƙasa daga Banbury zuwa Cheltenham, ya ratsa Hook Norton ta kan dogayen gadoji, aka buɗe shi a 1887. Leburori suka cika ƙauyen, bayansu masu haƙar tama suka biyo. A shekarar da aka buɗe layin Harris ya rasu, ɗansa da ɗan 'yar'uwarsa Alban Clarke suka gaji sana'ar. Su ne suka kira William Bradford, gwanin zanen irin waɗannan gine-gine, ya tsara musu benen nan da aka kammala wajen 1900. Hikimar ginin ta burge ni ƙwarai, ko da yake abin da ake yi a ciki ba nawa ba ne. Ana ɗaga ruwa daga rijiyoyin da ke ƙarƙashin ginin, a ɗaga tsiro, a kai su can ƙololuwa sau ɗaya. Daga nan nauyinsu ne ke sauko da su hawa-hawa, a niƙa a sama, a jiƙa a ƙasa da nan, a tafasa da wani fure mai ɗaci da suke kira hops, a huce, a zuba yis, har a iso ganga a ƙasa. Injin tururi guda ɗaya mai ƙarfin doki 25, wanda kamfanin Buxton da Thornley ya ƙera a 1899, shi ya riƙa juya komai ta hanyar bel da sanduna, kuma ya yi aikin yau da kullum fiye da shekara ɗari. Yana nan har yanzu, an goge shi yana ƙyalli, ana tayar da shi lokaci-lokaci.

Haƙar tama ta mutu bayan yaƙin duniya na biyu. Jirgin fasinja ya daina tsayawa a 1951, daga baya aka ɗauke layin ɗungurungum, ginshiƙan gadojin ne kawai suka rage a tsaye cikin kwari. Duk abin da ya kawo wa ƙauyen kuɗi ya tafi ya bar kamfanin. Shi kuwa yana nan, a hannun zuriyar Clarke, da mashayu talatin da wani abu a garuruwan kewaye. Shekara 175 ke nan da ɗoriya.

Yanzu a dubi maƙwabtansa a gunduma ɗaya. Hunt Edmunds na Banbury, wani babban kamfani ya haɗiye shi a shekarun 1960, aka kashe wutar tukunyarsa. Morrells na birnin Oxford, wanda iyali ɗaya suka riƙe tun ƙarshen ƙarni na 18, rigimar magada ta ci shi, aka rufe a 1998, yau gidajen kwana masu tsada ne a filin. Morland na Abingdon, kamfanin Greene King ya saye shi a 1999, shekara na zagayowa ya rufe masana'antar ya kwashe sunayen giyar ya kai wani gari. Brakspear na Henley ya daina dafawa a gidansa a 2002. Wychwood na Witney an rufe shi a 2023, lokacin yana hannun haɗakar Carlsberg da Marston's. A cikin waɗannan biyar babu guda da limami ya yi wa huɗuba ya rufe. Ko dai magada sun ga filin ya fi sana'ar tsada, ko wani mai kuɗi a nesa ya duba takarda ya ga za a iya dafa abu ɗaya a wata ƙatuwar masana'anta da araha.

Abin da ya faru da mashayun kansu ya fi wannan ciwo, kuma da kyakkyawar niyya aka fara shi. Zuwa shekarun 1980 manyan kamfanoni shida ne ke dafa kashi uku cikin huɗu na giyar ƙasar, su ne kuma ke da mafi yawan mashayun da aka ɗaure da sharaɗin sayar da hajar mai gida kaɗai. Hukumar hana babakere ta yi bincike, gwamnatin Margaret Thatcher ta fito da doka a 1989 cewa duk kamfanin giyar da ke da mashayu sama da 2,000 sai ya saki rabin abin da ya haura. An zaci ƙananan 'yan kasuwa ne za su saya. Ashe an gudu ne ba a tsira ba. Sababbin kamfanoni suka taso waɗanda ba sa dafa ko cokali ɗaya, don haka dokar ba ta hau kansu ba, suka ci bashin banki suka yi ta sayen mashayu dubu-dubu. Enterprise Inns da Punch Taverns kowannensu ya taɓa mallakar sama da dubu takwas, da bashin biliyoyin fam a wuya. Mai haya a ƙarƙashinsu yana biyan kuɗin haya, sannan dole ya sayi giya daga hannunsu a farashin da ya fi na kasuwa. Da tattalin arziki ya karye a 2008 masu bashi suka taso, sai aka shiga sayar da gine-gine. Mashayar da ke kan kusurwa mai kyau da filin ajiye motoci ta fi daraja in an mayar da ita kanti ko gidaje. Ko tana ciniki ko ba ta yi, wannan bai dami mai lissafi a ofis ba.

A kan wannan aka ɗora wasu kaya. An hana shan taba cikin gine-ginen jama'a a Ingila daga 1 ga Yuli 2007. Daga 2008 zuwa 2013 harajin giya ya riƙa hawa kowace shekara sama da hauhawar farashi, har ya ƙaru da kashi 42 cikin ɗari. Manyan kantuna kuma suna sayar da katan-katan a farashin da babu mai mashayar da zai iya gogayya da shi. Masana'antun da ma'aikata ke fitowa daga cikinsu da ƙishi sun rufe. Annobar korona ta zo ta ƙarasa masu rauni, kuɗin wuta da gas ya biyo baya. Sai a 2016 aka kafa dokar da ta ba mai haya a ƙarƙashin kamfani mai mashayu 500 ko fiye damar neman a kwance masa ɗaurin nan, bayan dubbai sun riga sun tafi.

Kada a ce na ɓoye wani abu: Hook Norton ma tana ɗaure masu hayarta da sharaɗin sayar da giyarta. Tsarin ɗaya ne a takarda. Bambancin yana wurin wanda ke riƙe da igiyar. Mai kamfanin da ke dafawa a ƙarshen lungu yana buƙatar Pear Tree ta kasance a buɗe, domin in ta rufe, gangarsa ce za ta rasa inda za ta je. Yana bin ta ƙofarta safe da yamma. In rufin ya yi yoyo zai gani da idonsa, in ya matsa wa mai haya har ya gudu, a coci da kanti da makarantar 'ya'yansa zai haɗu da masu tambayarsa dalili. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya sayi mashaya dubu takwas da bashi bai san sunan ƙauyen ba, lamba ce a jerin kadarori, kuma ranar da lambar ta nuna sayarwa ta fi riba, ya sayar. Wannan shi ne ra'ayina a taƙaice, kuma ban same shi a littafi ba, a tsakanin tagar Baba da lungun nan na Hook Norton na tsince shi: nisan mai dukiya daga dukiyarsa ne ke kashe mashayar ƙauye.

Saura 'yan'uwana da ke murna. Na sha jin ana cewa alhamdu lillahi idan an wuce wata mashaya da aka toshe tagoginta da katako. Na fahimci zuciyar da ke faɗin haka, ni ma a da ina faɗi. Amma mu tambayi kanmu, murnar me muke yi? In murnar an rage shan giya ce, to lissafi bai goyi bayanmu ba. Tun wajen 2015 giyar da ake saye a kanti a kai gida ta zarce wadda ake sha a mashaya. A 2023 mutum 10,473 ne suka mutu a Birtaniya ta dalilin cututtukan da barasa ce kai tsaye ta jawo su, adadin da ba a taɓa kaiwa ba tun da aka fara ƙirgawa. Wato a daidai shekarun da mashayu ke rufewa, gawarwaki ƙaruwa suke yi. Aikina ya shigar da ni ɗakunan da wannan lissafi ke zaune. Na shiga gidan da na buɗe kwandon shara na tarar da kwalaben barasa mai ƙarfi har baki, mai gidan yana kwance a kujera da talabijin a kunne tun daren jiya, babu wanda ya ce masa ya isa haka, babu wanda ya karɓe masa makullin mota, babu wanda ya san ya faɗi a banɗaki sai da na zo. A mashaya aƙalla akwai lokacin tashi, akwai mai gida da doka ta hana shi zuba wa wanda ya riga ya bugu, akwai idon maƙwabta. Giyar ba ta bar ƙauyen Baba ba. Mota ce ke kawo ta har ƙofa yanzu. Abin da ya bar ƙauyen shi ne ɗakin da mutane ke ganin juna.

Ba ina wanke mashaya ba ne. Ta ci albashin magidanta, ta mayar da maza gida suna dukan mata, ta sa yara sun kwana da yunwa. Turawan da kansu sun san haka tun kafin mu zo. A 1832 wasu mutum bakwai a garin Preston, ƙarƙashin jagorancin Joseph Livesey, suka sa hannu a alkawarin barin giya gaba ɗaya, kuma daga irin wannan yunƙuri ƙungiyoyi masu miliyoyin mabiya suka taso. Iyalin Cadbury masu cakulan, mabiya ɗariƙar Kirista ta Quaker, sun gina wa ma'aikatansu unguwar Bournville a Birmingham ba tare da mashaya ko ɗaya ba. Amma abin lura, su ba su tsaya ga hanawa ba. Sun gina filayen wasa da ɗakunan taro da wuraren shan koko da shayi, domin sun gane mutum ba zai bar inda yake samun 'yan'uwa ba sai an ba shi wani wurin. Kamfanin da ya rufe mashayar ƙauyen Baba bai bar komai a gurbinta ba. Kantin ƙauyen da gidan waya sun riga ta tafiya, bas sau biyu take zuwa a rana, cocin kuma sai Lahadi ɗaya cikin uku ake buɗe shi.

Kalmarmu ma tana ruɗin mu. In Bahaushe ya ji mashaya, hoton da ke zuwa masa shi ne wani lungu mai duhu da kiɗa da 'yan maye, wurin da mutumin kirki ba ya so a gan shi. A ƙauyen Ingila gidan nan ya haɗa aikin da teburin mai shayi da majalisar ƙofar gida da zauren mai unguwa suke yi a wurinmu. A nan ƙungiyar ƙwallo ke taro, a nan ake tara kuɗin jinyar wani, a nan tsofaffin Oxfordshire ke wasansu na gargajiya da suke kira Aunt Sally, inda ake jifan wata 'yar tsana ta katako da sanduna shida. Da yawa yanzu abinci da kofi da lemo suke sayarwa fiye da giya. Mu da muka san zafin a ce an tashi majalisar unguwa an gina shaguna a wurin, bai kamata mu kasa gane hawayen wanda aka yi wa haka ba, ko da abin da ke cikin kofinsa haramun ne a gare mu. Allah Ya ce kada ƙin wasu mutane ya sa mu ƙi yin adalci. Kuma ko don kanmu ma, duk ranar da muka karɓi zargin nan da murmushi, mun taimaka wa mai kuɗin da ya sayar da ginin ya ɓuya a bayanmu, ya bar fushin mutanen gari ya sauka a kan mai hijabi a tashar bas.

Mutanen karkara sun fara gano maganin da kansu, kuma maganin ya yi daidai da ciwon. A ƙauyen Hesket Newmarket da ke Cumbria, can arewa, akwai mashaya mai suna Old Crown da ƙaramin wurin dafa giya da aka buɗe a rumbun bayanta a 1988. Da masu shi suka tashi yin ritaya, mutanen gari da abokan ciniki suka haɗa kuɗi suka saye wurin dafawar a 1999 a matsayin ƙungiyar gama kai. A 2003 mashayar ma ta shiga kasuwa, mutum 125 suka sake yin karo-karo suka saye ta. Dokar 2011 ta ba al'umma damar yi wa irin wannan gini rajista a matsayin kadarar jama'a, ta yadda in za a sayar sai an dakata wata shida a ba su damar tara kuɗi. Hukumomi ma sun fara nuna haƙora. Mashayar Carlton Tavern a Landan, da wani kamfani ya rushe ba izini a 2015, an tilasta masa ya sake gina ta yadda take, aka buɗe a 2021. Crooked House kusa da Dudley, karkataccen gidan nan da ramukan haƙar ma'adinai suka sa gefensa ɗaya ya nutse, ya ƙone a watan Agusta na 2023 makonni kaɗan bayan an sayar da shi, kwana biyu bayan gobarar aka sa katafila aka baje shi, ƙaramar hukumar yankin ta ba da umarnin a mayar da shi. Ina goyon bayan waɗannan dokoki, ina ma so a ƙara musu ƙarfi, wata shidan da dokar 2011 ta bayar ya yi kaɗan ga talakawan ƙauye su tara dubban ɗaruruwan fam. Dokar da ta kare mashayarsu ita ce za ta kare ɗakin karatu da filin wasa da zauren taron da mu ma muke haya ranar Idi.

Ranar da muka je Hook Norton, a ɗakin cin abincin da ke harabar kamfanin muka zauna, ni da shayi, Baba da shayi da yankan kek. Da za mu tafi ya ce in tsaya da mota a gaban Pear Tree. Bai ce zai shiga ba. Wani mutum ya fito da kare, ya hango tsoho a mota, ya ɗaga masa hannu ba tare da ya san shi ba. Baba ya ɗaga nasa, bai sauke ba har mutumin ya sha kwana.

A watan Mayu na 2024 gobara ta tashi a ginin bargar kamfanin, ta cinye rufinsa. A rediyo Baba ya ji, na shigo na same shi yana ƙoƙarin miƙewa ba sanda.

"Dawakin fa? Duba mini a wayarka."

Na ajiye jakar magani na duba. Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, babu abin da ya same su. Mutane ma kowa lafiya, babban ginin ma bai kama ba."

Ya koma ya zauna a hankali, ya karɓi ƙwayoyinsa uku da ruwa. Sannan ya ce in duba masa ranar da ba ni da aiki da yawa a mako mai zuwa, in kuma tabbatar tayar kekensa tana da iska.